Na Kama wa Ɗiyata Ɗaki a Fadama

Ƴan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, mai haƙuri da masu hankali, mai haƙuri da irina.

Ni ne Arzika na bencin baya, wanda ke cewa amin tun Fasto bai kai ƙarshen magana ba. Bari in fara da tona asirin kaina: ni wawa ne, kuma na kai shekara sittin ban samu labari ba. Ban sha giya ba, ban yi caca ba. Cutar da Ubangiji ya raba ni da ita sunanta "na sani". Aji biyu na yi a lakkwal, nan ma malamin ya gaji ya sallame ni, don kullum ni ke gyara mishi magana.

Kun san autarmu Rahila, wadda ke karatun shari'a a jami'a can Yamai. Shekararta ta fari gidan wani ɗan ƙanena ta zauna, can ƙarshen gari, ƙetaren kogi. Taksi biyu take shiga, ta tsaya cunkoson gada, kafin ta isa an cika aji. Ɗakunan kwanan ɗalibai kuma babu wuri. Yarinya ta zo hutu ta rame kamar karan dawa. Uwarta ta dube ta, ta ce ko a samo mata ɗaki mai tsaro kusa da makaranta, ko ta tattaro takardunta ta dawo Filinge. Waɗanda suka san uwar Rahila sun san ba ta magana biyu.

Fasto ya ba ni sunan wata ƴar'uwa cikin Ubangiji, Madam Saratu, wadda mijinta ya rasu, tana ba ɗalibai mata ɗakuna kusa da jami'a. Na ɗauki sandata cikin rani, ni da Rahila muka tafi.

Gidan Madam na bisa tudu. Katanga doguwa, ƙofar ƙarfe, famfo a tsakar gida, ƴan mata huɗu zaune suna karatu. Da ƙafa ake zuwa aji. Na ga idon Rahila ya yi haske.

Ni kuwa ƙasa nake dubawa. Na kankare da diddige, na ji tsakuwa. Fako ne, ƴan'uwa, fakon da ko ƙarangiya ba ta yarda ta fito. Mu a Kurfai, ƙasarmu ta Filinge, wanda ya kafa gida bisa fako tausayinsa ake ji. Tun kakanni mun san albarka a kwari take, inda ƙasa ke da sanyi, inda rijiya ba ta wuce gaba biyu. Na yi wa Madam godiya, na ce ba ni barin ɗiyata inda ko akuya ba ta samun abin tsinka. Ba ta yi fushi ba. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta raka mu bakin ƙofa.

Muka gangara wajen kogi. Muna gangarawa zuciyata tana sanyi. Ga mangwaro, ga ciyawa kore shar tsakiyar rani. Muka samu ɗaki babu kowa, ya ma fi na Madam kusa da aji. Na duƙa na damƙi ƙasar, baƙa wulik, mai laushi. Na murza, na sunsuna, na ɗora bisa harshe yadda ubana ke yi in za shi sabuwar gona. Nan take na yanke.

Rahila ta nuna mini wani layi a jikin bango, daidai ƙirjina, ƙasansa ya fi samansa duhu. Na ce ado ne, mutanen birni suna son fenti kala biyu. Ta nuna gadon, an ɗora ƙafafunsa bisa bulo uku-uku. Na ce don kunama ne. Ta nuna buhunan rairayi jere a ƙofar kowane gida. Na ce a birni har rairayi saye ake, dole a adana. A gidan da ke jikin namu akwai wani dogon katako fafaffe ajiye a tsakar gida, mai gidan na zaune gindin mangwaro yana shan shayi yana kallonmu. Na ce wa Rahila ta ga maƙwabcin arziki, abin da yake zuba wa tumakinsa dusa ma ya kai gaba huɗu. Ta ce ba ta ga tumaki ba. Na ce sun tafi kiwo.

Sai ta ce, "Baba, mu a karatunmu ba a yanke hukunci sai an ji shaidu. Mu tambayi mutumin nan."

Na ce shekara hamsin ina noma ban taɓa tambayar kowa ina ƙasar kirki take ba, ba kuwa a Yamai zan fara ba. Na zaro irin kabewa daga aljihu na shuka mata a bakin ƙofa. Na dawo gida na ce wa uwarta na samo wa lauya wurin da ko sarki sai ya yi sha'awa.

Damina ta faɗi. Kun tuna yadda ruwa ya ɗauke mana bara har hatsi ya fara naɗe ganye. Wa ya miƙe a sujada ya roƙi ruwa? Ni ne. Na ce wa Ubangiji kada ya auna mana da ludayi, ya juye masakin gaba ɗaya. Kuka ce amin. Ya kuwa juye, tun daga nan har Yamai.

Da safe ina gona riƙe da hauya, ina ta waƙa, sai salula ta yi ƙara. Rahila ce. Ta ce kogi ya cika ya haɗu da ruwan sama, ruwa ya shigo ɗaki ya kai gwiwa, tana tsaye bisa gado rungume da takardunta, jarrabawa kuma jibi. Na ce ta fita. Ta ce waje ya fi zurfi. Sai layi ya yanke. Na kira, na kira, shiru.

Ɗiyata ba ta iya iyo ba. A ina ƴar Filinge za ta koya?

Na faɗi bisa gwiwa cikin jiƙaƙƙen rairayi, tsakanin kunyoyin hatsin da na roƙa wa ruwa. Ni da ke da dogayen addu'o'i, ranar nan kalma uku na samu. Na ce wa Ubangiji, "Ban sani ba." Tun da aka haife ni bakina bai taɓa furta su ba, har ɗaci suka yi mini. Na ce in akwai bulala ta sauka bisa tsohon jaki, a bar yarinyar da ta faɗi gaskiya aka hana ta. Na yi kuka kamar jinjiri.

Na faɗa wa uwarta. Ta miƙo mini takalmana. Da ta zage ni da ya fi sauƙi.

Na shiga mota. Har muka wuce Bankuku salular shiru take. Da la'asar na isa, na tarar unguwar ta zama tafki, sai kawunan mangwaro da kwanon rufi. Wata mata ta ce an fitar da ɗalibar, an hau da ita tudu. Na hau tudun da gudun da ban yi ba tun ina saurayi.

Ga ƙofar ƙarfe a buɗe. Ga Rahila zaune bisa tabarma tana shan kunu. Ga takardunta an baje bisa tsakuwa suna shan rana, don fakon da na raina ruwa bai tsaya mishi ba, ya bushe ƙayau. Haleluya!

Ashe maƙwabcin nan, Hima sunansa, masunci ne. Abin dusar tumaki kwalekwale ne. Shi ya tuƙo har bakin ƙofa ya ɗauke ta da takardunta. Madam Saratu kuwa ta ce tun ranar da ta ga mun gangara ta hana kowa ɗakin, ta san damina za ta maido mu. Na rasa inda zan sa fuskata. Na durƙusa bisa tsakuwarta na roƙi gafara, tsakuwar ta rama wa kanta a gwiwoyina.

Rahila ta yi jarrabawa da takardu masu warin kogi, ta kuma ci. Yau tana gidan Madam, da ƙafa take zuwa aji, ta yi kumatu. Uwarta ta bar zancen dawowa.

Ku taya ni yi wa Ubangiji godiya. Ya ceci yarinya daga ruwa, ya ceci tsoho daga kansa. Tun ina ɗanɗana ƙasa ya riga ya ajiye jirgi a gefe, ya ajiye ɗaki a tudu. Ku dogara gare shi, ƴan'uwa. In kuma ƴaƴanku suka nuna muku layi a bango, ku tsaya ku duba. Wagga takarda ma sai da na ba Rahila ta gyara, ban yi gardama ba sai sau biyu. Kun ga sauƙi ya samu.

Abu ɗaya ya rage mini. Da ruwa ya janye na kai wa Hima damin hatsi. Ya ce tun ranar da ya ga baƙo yana lasar ƙasa ya tashi ya toshe ɓulolin jirginsa, don ya san akwai aiki gaba. Sai tsohuwar cutar ta motsa, na ce to me ya hana shi faɗa mini.

Ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Dattijo, ka tambaye ni?"