Ruwan Zafi a Gwiwar Ishaku

Ina gaishe ku, iyaye da 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ku yabi Ubangiji!

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Hannatu, mutuniyar Malumfashi, amma an fi kira na Maman Ishaku. Fasto ya ce in taƙaita, ya kuwa san halina, saboda haka in na zarce wata ta ja mini zane. Yau ba waƙa na tashi yi ba. Abin da na yi wa ɗana da hannuna zan faɗa, da yadda Ubangiji ya riƙe hannun.

A Ardwick muka fara zama, can Manchester, lokacin Baban Ishaku yana uni, wato jami'a. A shekarun ne wata ƙungiyar ƙwallo ta garin ta sayo wani ɗan wasan gaba daga Brazil. Ba zan faɗi sunansa ba. A gidanmu Lamba Tara muke ce masa, saboda lambar da ke bayan rigarsa. Ni da ko offside ban sani ba, rannan na ga yaron nan a talabijin ya ci ƙwallo, ya durƙusa a tsakiyar fili, ya ɗaga yatsunsa sama. Na ce af, ashe ɗan'uwa ne! Aka ce a unguwar talakawa ya tashi, da ƙwallon tsumma ya koya, yanzu har ya gina wa uwarsa gida.

'Yan'uwa, maganar gidan uwar nan ita ce ta shige ni, ba durƙuson ba. Amma na riƙa gaya wa kaina bangaskiyarsa ce ta burge ni. Na manna hotonsa a kan gadon Ishaku tun yaron bai iya ɗaure igiyar takalmi ba.

Sai gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe day centre ɗin da nake aikin kula da mutane, Baban Ishaku ya gama karatu babu aikin da ya karanta. Muka tattaro muka dawo nan Erdington a Birmingham, ni ina aikin care, kula da masu rauni, shi yana warehouse, wurin ajiyar kaya. Shi ma Lamba Tara tauraronsa ya fara dusashewa. Ƙwallaye suka daina shiga, 'yan kallo suka fara yi masa ihu, aka ce ya ƙoshi ne, ya zama raggo. Har da ni a masu faɗa! Daga baya aka sayar da shi wata ƙasa, muka daina jin ɗuriyarsa. Hoton dai ban cire ba. Na ce inda shi ya tsaya, nawa zai wuce.

Ishaku kuwa Allah ya ba shi ƙafa. Yana sakandare wata academy ta ƙwallo ta ɗauke shi, aka ce akwai trial, wato gwaji, a gaba, wanda ya tsallake za a riƙe shi. Ana cikin shiri ya dawo daga training da gwiwarsa ta dama a kumbure.

Dokar coach ita ce duk wanda ya ji ciwo ya faɗa. Ni kuma na san wanda ya faɗa benci zai zauna, wanda ya zauna a benci kuwa babu shi babu trial. Kuma ni jikar Kaka Lami ce, wadda duk unguwarmu a gida wurinta ake kai targaɗe. Na dafa ruwa a kettle, na juye a roba, na ɗauko tawul da man zafi.

Ishaku ya ce, "Mum, coach says ice."

Na ce, "Ƙanƙara? Ciwo ya kama ka, ka ƙara masa sanyi? Coach ne ya haife ka? Miƙo ƙafar nan."

Na gasa, na murza, na danna. Yana ihu ina cewa, "Cije, namiji ba ya raki." Na ja masa kunne kada coach ya ji, kada babansa ya ji, balle GP, likitan unguwarmu. Kullum da asuba kafin in fita aiki sai na gasa gwiwar nan, ya sa takalmi ya tafi ya yi gudu a kanta. Abin da ya fi ci mini rai yau shi ne, ina dannawa ina cewa "cikin sunan Yesu". Sunan Ubangijina na sa a kan son zuciyata!

Bayan ɗan lokaci ya daina ihu. In ya ji kettle ta fara ƙara, sai ya zo ya zauna ya miƙe ƙafa, ya juya fuska ga bango. Na ɗauka sauƙi ne. Wasunku kuna nan ranar da na miƙe a Zumuntar Mata na ce Ubangiji ya warkar da ɗana. Kuka yi guɗa. Ku gafarce ni, iyayena mata. Bai warke ba, ya dai daina gaya mini ne.

Kun tuna lokacin da council ta rufe centre ɗin da muke sujada, muka koma wancan ɗakin na saman shago a High Street, mai matakala a tsaye. Mu ne da safe, 'yan'uwanmu na Brazil da rana. Wata Lahadi mun tashi, muna saukowa ni da Ishaku, sai ga wani mutum yana hawowa, ya rataya jita a baya, ya riƙe ƙarfen gefe, yana jan ƙafa ɗaya a hankali kamar tsoho. Bai kuwa tsufa ba. Ishaku ya damƙe hannuna ya ce, "Mum, that's him."

Lamba Tara ne! Ashe bayan yawon ƙasashe ya dawo wata ƙaramar ƙungiya a bayan Birmingham, a nan ƙafar ta ƙarasa shi.

Ni kuwa baki har kunne. Na tura yaro gaba, ina ta zuba: ɗana ne, ɗan gaba ne kamarka, trial na zuwa, ka ɗora masa hannu a ƙafa. Mutumin bai ko kalle ni ba. Ashe tun daga ƙasa yake kallon yadda yaron ke saukowa. Da Turancinsa da ya fi nawa karyewa ya ce wa Ishaku, "Ta dama ce, ko? Tun yaushe?"

Ishaku ya dube ni.

Sai bawan Allah nan ya zauna a kan matakala, ya naɗe ƙafar wandonsa. Tabon ɗinki a kan tabon ɗinki. Ya ce tun yana Manchester gwiwar ta lalace, allura ake yi masa kafin wasa, shi ma yana roƙo a yi, don dangi gaba ɗaya a kan ƙafar nan suke tsaye. Lokacin da muke ce masa raggo, da kyar yake taka ƙasa. Ya ce, "Mutum ɗaya nake jira ya ce mini in tsaya, mahaifiyata. Ba ta ce ba, domin na ɓoye mata." Sannan ya ɗago ya dube ni. "Ke fa, Mama, kin sani?"

Wayyo Allah! Na sani. Ni na hana a faɗa.

Ban san yadda na koma sama ba. Na shige ɗan kicin ɗin da muke haɗa shayi, na zube a ƙasa. Na ce, "Ya Uba, wancan Ishaku na Littafi Mai Tsarki, mai sunan ɗana, da aka ɗora shi a kan bagadi, kai ka umarta, kai kuma ka tsai da wuƙar. Ni babu wanda ya aike ni. Gida nake so, suna nake so, na ɗora yaron da ka ba ni amana. Ka riƙe hannuna, ni na kasa." Na yi kuka har 'yan Brazil suka fara waƙa a waje. Da na tashi, kwaɗayin nan da ya shekara da shekaru a ƙirjina na neme shi na rasa. Kunya ce kawai ta rage.

Ranar na gaya wa babansa komai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Washegari muka je GP, aka tura mu asibiti, aka ɗauki hoto. Likita ta ce guringuntsi ne ya yage, zafin da gudun sun ƙara ɓata shi, da an ci gaba da ɗingishi zai zame masa na har abada. Ta tambayi Ishaku tun yaushe. Yaron nan ya ce, "Not long." Yana rufa mini asiri! Na ce, "A'a, likita, ya daɗe. Ni na hana shi faɗa."

Aka yi masa aiki. Trial ya wuce, academy ta sallame shi. Ƙafa ta warke, amma tsakanina da shi sai gaisuwa. Na roƙe shi gafara, ya ce, "It's fine, Mum," ya rufe ƙofa. Ni kuma in yana gida ba na iya kunna kettle, a tukunya nake dafa ruwan shayi. Na bar wa Ubangiji, don wannan ba ciwon da ake gasawa ba ne.

Wata safiya ina kicin na ji kettle tana ƙara a bayana. Na juya, shi ne ya kunna. Ya haɗa kofi biyu, ya miƙo mini ɗaya, ya zauna. Sai ya ce da Hausarsa ta 'yan Birmingham, "Mama, haƙori na yana ciwo. Sosai."

'Yan'uwa, ban taɓa murna da ciwon haƙori ba sai ranar. Ɗana ya sake gaya mini inda ke masa ciwo! Haleluya!

Ga shi can a baya wajen ganga, da ƙafafunsa biyu ya hawo. Ba zai gina mini gida da ƙwallo ba, ban kuma nema ba. Na gode wa Yesu da ya aiko gurgu ya tare ni a matakala. Iyaye, ku dogara ga Ubangiji da gaban 'ya'yanku, shi ya fi mu sanin inda zai kai su. In yaro ya yi shiru, kada ku yi saurin guɗa, ku zauna ku tambaye shi. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.