Sojan Bama Ba Gammo

A tashar motar Jalingo, cikin 1995, wani tsoho ya tsaya gaban saurayi mai tallan kalanda.

"Baba, sayi ɗaya. Sojanmu ne na Yaƙin Bama a jiki. Da ribar zan yi hayar kyamara, in ɗauki fim ɗin tarihinsu."

"Wa ya zana maka shi?"

"Wani gwani a unguwar Barade. Dubi bindiga, dubi ƙirji! Kafin Kirsimeti na sayar da su kaf, in fara aiki."

"To, ina gammonsa?"

"Gammo kuma? Soja ne fa, Baba, ba ɗan dako ba."

"Shekara biyu muna dakon harsashi a ka cikin dajin nan. Bindiga kuwa sau uku na taɓa ta. Bari in cire hula, shafa nan ka ji. Gashi bai sake tsirowa ba."

"Ashe ka je, Baba? Wallahi da kai zan fara! Bayan Kirsimeti ina nan tafe."

"Miƙo guda biyu. Amma kar ka jira Kirsimeti, yarona. Bara mu huɗu ne a garinmu Kona. Bana ni kaɗai na rage."