An Sauko da Sabuluna Layin Ƙasa

Manaja: Salamu alaikum, Yaya. Ina wuni?

Mai Sabulu: Wa alaikumus salam. Lafiya lau.

Manaja: Ya gida? Ya yara?

Mai Sabulu: Suna nan ƙalau. Ya ƙanwata Auta? Ya 'yan biyu?

Manaja: Alhamdu lillahi. Jiya ma Auta take cewa kin ɓuya. Ya masana'anta? Ya ma'aikata?

Mai Sabulu: Da godiya.

Manaja: Ya ƙafar taki? Ta saki?

Mai Sabulu: Ta saki. Har ta kai ni babban kantinku yau da safe.

Manaja: A'a! Kika zo ba ki hawo ofis ba?

Mai Sabulu: Ba wajenka na je ba, wajen sabuluna na je. Na zagaya layin kayan wanka sau biyu ban gan shi ba. Sai da na durƙusa, da wannan gwiwar tawa, na same shi can layin ƙasa, kusa da burushin wanke bayi.

Manaja: Halo? Yaya, layin yana yayyankewa.

Mai Sabulu: Babu abin da yake yankewa. Ina jin har fankar ofis ɗinka.

Manaja: To, ai gyaran jeri muka yi. Kowane reshe an yi, ba namu kaɗai ba.

Mai Sabulu: Gyara? Shekara goma sha ɗaya sabuluna yana daidai idon mai saye. Tun kantin nan yana ɗaki ɗaya, kai kana ɗaukar kwali a ka. Wane sabulu ne aka jera a gurbina? Kore, takarda fara, da zanen ganye. Daga nesa na ɗauka nawa ne!

Manaja: Wannan tambarinmu ne.

Mai Sabulu: Wace tambaya? Ni nake tambaya!

Manaja: Tambari, Yaya, tam-ba-ri. Na kamfaninmu. Masu kamfani sun yanke shawara mu riƙa sayar da kaya da sunanmu: sabulu, man shafawa, garin wanki. Duk manyan kantuna haka suke yi yanzu. Ribar da ke cikin namu ta ninka ta naki, kuma mutum abin da ya fara gani shi yake ɗauka. Kwamfuta ta nuna mana.

Mai Sabulu: Kwamfutar ce ta ce ku saci kalar sabuluna?

Manaja: Haba, sata kuma? Kore ai ba na kowa ba ne.

Mai Sabulu: Ƙamshin fa? Na saya, na ɓare shi a mota. Lemon tsami da man kwakwa, har ɗan ɗacin nan na ƙarshe. Hancina ba ya yi mini ƙarya. Wa yake haɗa muku?

Manaja: Wannan sirrin kamfani ne.

Mai Sabulu: Dogo ne ko? Wata uku ke nan da ya ajiye mini aiki, wai bayansa ba ya son tsayuwa gaban tukunya. Ashe bayan ya warke a wajenku.

Manaja: Mutum ai yana da 'yancin neman aiki inda ya ga dama.

Mai Sabulu: Ka ji kunya wallahi. Mutum goma sha tara nake ciyarwa a masana'antar nan. Rabin abin da muke yi rassanku bakwai ke ɗauka. Ka san abin da layin ƙasa yake nufi, kai ka taɓa gaya mini da bakinka cewa maƙabartar kaya ce.

Manaja: Shi ya sa nake son mu zauna. Akwai mafita, kuma ni na roƙa miki ita a wajen taro.

Mai Sabulu: Ina ji.

Manaja: Wurin da Dogo yake haɗa mana ƙarami ne, ba zai iya ciyar da rassa bakwai ba. Ke kina da injuna. Ki riƙa yi mana, mu sa takardarmu. Oda duk wata, ba fashi. Ma'aikatanki ba wanda zai rasa aiki.

Mai Sabulu: Sunana fa?

Manaja: Sunan… to, sunan ne dai ba zai fito ba. Farashin ma za a ɗan taɓa.

Mai Sabulu: Wato ku karya ni, sannan ku ɗauke ni aiki a gidana.

Manaja: Kasuwanci ne, Yaya, ba gaba ba. Idan kiɗa ya canza…

Mai Sabulu: Kada ka yi mini karin magana, na girme ka da shekara tara. Saurara. Man jarirai da nake kawo muku, wanda mata ke yi wa layi ranar Asabar, su cika kwando da sauran kaya kafin su fita, kwamfutar ta nuna maka shi?

Manaja: Wannan ai ba mu taɓa shi ba. Yana nan a wurinsa.

Mai Sabulu: Daga Litinin ba ya nan. Sabon kantin da ke tsallaken titi sau uku suna aiko mini, ina cewa a'a, ina da suruki. Da na fito daga wajenku can na shiga. Sun ba ni kanta guda a bakin ƙofa.

Manaja: Inna lillahi! Yaya, ba za ki yi haka ba! Ni na tabbatar wa masu kamfani cewa ba inda za ki je. A kan haka aka amince da tsarin gaba ɗaya. Kujerata ce za ta tafi!

Mai Sabulu: Ka durƙusa ka neme ta a layin ƙasa.

Manaja: Ki bari mu yi magana a gida, don Allah. Ki tuna 'yan biyu. Ki tuna Auta.

Mai Sabulu: Kada ka sako ƙanwata a cikin ƙazantarka. Da ta san abin da kake yi, da ba ka kwana a gidan nan ba.

Manaja: Da ta sani? Wa kike jin ya je ya lallashi Dogo? Wa ya zana ganyen? Ita ta ce shekara shida ta yi tana naɗe miki sabulu, ko a bayan takarda ba ki taɓa sa sunanta ba!

Mai Sabulu: Auta?

Manaja: Halo? Yaya? Ban so na faɗa ba. Kina jina?

Mai Sabulu: Tana gida?

Manaja: Tana gida, amma ki bari ni in fara…

Mai Sabulu: Ka ce mata ta buɗe ƙofa. Ga ni nan.

Manaja: Yaya, tsaya! Maganar man jariran, Litinin ɗin… Halo? Halo!