Matar da Ba Fuska

A ɗakin jiran jirgin ƙasa na garin Ruse, Boyan mai zane ya jingine hoton da ya zana da bango, fentin mai ko gama bushewa bai yi ba. Wata tsohuwa a gefensa ta ƙura wa hoton ido.

"Ɗan nan, mutum ne wannan, ko ruwa ne ya ɓata maka aiki?"

"Matata ce, Iya. Ta rasu."

"Wayyo, sai haƙuri. To ina fuskar? Kafaɗa kawai nake gani da jan gyale."

"A da akwai fuska, har da tabon girarta. Duk ranar da na kasa tuna wani wuri sosai, sai in shafe shi da fenti ruwan toka. Ba na son in yi mata ƙarya."

"Ba ka da hotonta na kyamara? Ka kwaikwaya mana!"

"Wannan kyamara ce ta tuna, ba ni ba."

Tsohuwar ta ja tsaki. "Taurin kai dai. Ni hoton ɗana na nan saman gadona, kullum sai na kalla."

"In kin rufe ido, kina ganinsa?"

Tsohuwar ta rufe ido.

"Hularsa kawai nake gani," in ji ta.