Masaukin da Hayaƙi Ya Kori Ɓeraye

A tashar Tangmarg direbobi na ɗaura wa tayoyi sarƙa saboda santsi, don hawa tsaunin Gulmarg. Mushtak ya kawo yaransa biyu wasan zamiya kan dusar ƙanƙara, bai kama masauki ba tukuna, sai wani dattijo mai kaskon garwashi cikin riga don jin ɗumi ya matso.

"Ɗana, zo gidana. Daga gado sai filin zamiya."

"Akwai tsabta, Baba? An ce wasu gidajen duk ɓera ne."

"Ɓera a gidana? Hayaƙin murhu ya kore su tuni."

"Hayaƙin ba ya fita ne?"

"Yana fita mana, ta tagar da ta fashe."

"Barguna fa?"

"An wanke su tas tun bazara. Wa ke wanki famfo a daskare?"

Mushtak ya dubi ƙaramarsa. "Jikokinka na kwana can?"

"Uwarsu ta hana. Mita gare ta, don kawai autan ya zurma ta katakon bene."

Mushtak ya ja yaransa ya nufi mota.

Dattijon ya biyo shi. "Tsaya mana, ai ba abin da ya same shi. Kan wani baƙo ya faɗa."