Kafiretar Wa Za a Ɗaura?

YAYA: Auta? Kana jina?

AUTA: Yaya! Ina wuni? Ya gida, ya yara?

YAYA: Lafiya lau. Ya garejin? Ya ƙafar taka?

AUTA: Da sauƙi. Ya jikin Babansu?

YAYA: Yana can asibiti awon hawan jini. Kai, matsa daga wajen ƙarar nan! Auta, ɗanka zai kashe ni. Na ji shi yana cika wa abokansa baki wai za ka ɗaura wa jar motar nan tasa kafireta mai bin ƙafa, wai tsere ranar Asabar.

AUTA: Au, har kin san sunanta?

YAYA: Kullum ita ake karanta min a falo! Mene bambancinta da ɗayar, mai zuƙar iska?

AUTA: To, dukkansu maƙogwaro huɗu gare su. Biyu na aiki kullum, biyu na jiran gudu. Mai zuƙar iska ba ta buɗe na bayan sai injin da kansa ya nema, a hankali. Mai bin ƙafa kuwa, ana taka totur ta wangale duka huɗun.

YAYA: Wato ɗaya na da hankali, ɗaya sai abin da direba ya ce.

AUTA: Kin gama makanikanci.

YAYA: To direban nan ni na haife shi, na san abin da ke kansa. Sa masa mai hankalin. Ka ce ɗayar ta ƙare a kasuwa.

AUTA: Yaya, ai...

YAYA: Ban taɓa roƙonka komai ba. Shi kaɗai gare ni namiji, ko barci ba na yi.

AUTA: Tsaya mana! Yaron nan mai zuƙar iska ya zaɓa. Har roƙona ya yi in sa sifirin mai tauri, kada na bayan su buɗe da wuri. Ya ce dai kar abokansa su ji.

YAYA: Tsoro yake ji?

AUTA: Ya ce da allurar gudu ta hau, sai ya nemi birki.

YAYA: Alhamdu lillahi! Allah ya yi masa albarka, matsoracina! To mai bin ƙafar da na gani a kwali bayan ƙofa nan gida fa?

AUTA: Layin nan na yankewa...

YAYA: Ras nake jin ka.

AUTA: Wanda ya saya wa yaron motar ne ya kawo ta. Ya ce shi ba inji ne zai gaya masa lokacin gudu ba. Shi zai ja ranar Asabar.

YAYA: Wanda ya saya wa... Auta, wa ke taka totur ɗin nan a bayanka?

AUTA: Wani kwastoma ne.

YAYA: Kwastoma mai tarin mijina? Ba shi wayar!

AUTA: Ya ce in ce miki likita bai gama da shi ba.

YAYA: Ce masa ya jira. Ga babban likita nan tafe.