Rigar Mama a Layin Maza

A layin masu ziyara, ƙofar wani gidan yarin maza a Thailand, Bunruen ta ga wani tsoho da ke bayanta yana leƙen jakarta.

"Ƙanwata, kin yi ɓatan layi. Rigar mama nake gani. Gidan mata yana can."

"Idona ƙalau, Yaya. 'Yata Namfon tana nan. Katin shaidarta har yanzu namiji ya ce, shi hukuma ta bi, aka aske mata kai."

"Ɗaki ɗaya da ƙarti arba'in? Kina iya barci?"

"Har da minshari. Jikin bango take kwana, wani gabjeje Thawin yana shimfiɗa a gabanta. Ba mai tsallake shi."

Tsohon ya matso kusa.

"Thawin ɗana ne. Ce mini ya yi fanka ke sa shi mura, shi ya sa ya canza wuri."

"A zafin nan? Yaya, ka haifi ɗa, amma bai iya ƙarya ba."